Kafin A Shafa Wa Katako Maganin Ruwa, A Fara Auna Danshinsa

Duk wanda ya taɓa riƙe waya mai lambar IP68 ya san cewa kariyar ruwa ba ta dawwama. Robar da ke toshe kafofin wayar tana tsufa, wata rana ruwa ya samu hanya. Haka abin yake ga dandamalin katako da ake yi a waje, irin wanda ya yawaita a bayan gidajen Amurka da Turai, wanda yanzu ake gani a wuraren shaƙatawa da gidajen abinci na Abuja da Kano. Mai gida zai zuba kuɗi ya sayi maganin ruwa mafi tsada, bayan damina biyu katako ya ruɓe, sai a ce jabu aka sayar masa. Sau da yawa laifin na gaggawa ne.

Katako na shan ruwa yana fitarwa. Da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke har ya tsage. Idan aka lulluɓe shi da fenti alhali yana da danshi a ciki, an kulle ruwan ke nan. Rana ta buga, fenti ya yi ɓawo ya ɓare, ruɓewa ta ci gaba daga ciki ba wanda ya gani.

Shi ya sa abin da ya fi cancanta a fara saya shi ne na'urar auna danshin katako, 'yar ƙarama da ke shiga aljihu. Mai allura biyu ana soka ta a jikin katako, ta tura 'yar wutar lantarki tsakanin alluran. Jiƙaƙƙen katako ya fi busasshe barin wuta ta wuce, da haka take fitar da lissafi a fuskarta. Akwai kuma marar allura da ake ɗorawa a kai kawai, ba ta barin tabo. Yawancin masu haɗa maganin suna son danshi ya sauka zuwa kashi 15 cikin 100 ko ƙasa kafin a shafa. Idan ya daɗe sama da kashi 20, funfuna da ruɓewa sun samu wurin zama.

Wani kafinta zai ce shekara talatin yana aiki, da hannu yake gane busasshen katako. Gwanintarsa ba abar rainawa ba ce, amma hannu saman katako yake taɓawa, ruwan kuwa a ciki yake. Kuɗin na'urar bai kai na sauya katako uku ba.

Bayan awo sai zaɓin magani. Wanda ke nutsewa cikin katako ya fi wanda ke yin fata a sama, musamman inda ake takawa, domin ba ya ɓarewa, kuma sabunta shi ba ya buƙatar kankara. Mai ɗan launi ya fi garau jure rana. A ƙara shafawa a bakin da zarto ya yanka, don nan ne ruwa ya fi saurin shiga. A bar tazarar kamar milimita 5 tsakanin katakai, a ɗaga su daga ƙasa iska ta ratsa, a yi amfani da ƙusoshin da ba sa tsatsa.

Baƙin man inji da wasu ke shafawa saboda gara yana da araha, amma yana ɗauke da guba, yana zuba cikin ƙasa, kuma yara na zama a wurin.

Kowace shekara kafin ruwan farko, a yayyafa ruwa a kai. Idan ya tsaya ɗigo-ɗigo, kariya na nan. Idan katako ya shanye ya yi duhu, a wanke, a bari ya bushe, a auna, sannan a sake shafawa.