Kafin Ka Bar Neman Talla Ka Kama Sayar Da Manhaja

'Yan'uwa, akwai wata magana da muke ji a bakin samarinmu masu nemo wa gidajen rediyo da jaridu talla, daga Dutse har Birnin Kudu da Gwaram. Wai kasuwar talla ta mutu, mai hankali ya tattara jakarsa ya koma sayar da manhaja, watau tsarin da ke sa kwamfuta ko waya ta yi wani aiki, kamar lissafin kanti ko fitar da sakamakon jarrabawa. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Lalle zamani ya juya. Sa'ad da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin 1939, da New Nigerian ta Kaduna, wadda ta fito a 1966, suke tashe, mai nemo talla yakan ci da iyalinsa daga la'ada kaɗai, gama duk mai son a san hajarsa tilas ya bi ta hannunsa. Yau mai kanti yakan ɗauki hoton kayansa ya watsa a WhatsApp, ko ya biya Facebook daga wayarsa, ba dillali a tsakani. Rediyo dai yana nan da ƙarfinsa, domin manomi a Sundimina bai rabu da akwatinsa ba. Amma babban kuɗin talla lokacin zaɓe yake zuwa, kamar a 2023, in an gama sai rani ya shigo.

A ɗaya gefen kuma ƙofa ta buɗe. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001. Tun 2015 hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka kan kwamfuta. Ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, bayan Babban Banki ya sake fasalin kuɗi, ya kai na'urar POS ta su Moniepoint da OPay har ƙauyukan da ba su taɓa ganin banki ba. Jihar Jigawa ma ba baƙuwa ba ce a nan, tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, 1999 zuwa 2007, aka kafa makarantar koyon kwamfuta a Kazaure. Saboda haka masu saye suna nan: mai makaranta, mai kemis, dillalin riɗi a kasuwar Sara.

To, ina matsalar? Ita ce, sana'o'in nan biyu sun yi kama a fuska, amma ba uwarsu ɗaya ba. Mai sayar da talla, ran da aka karanta sanarwar a rediyo ya gama aikinsa. In ciniki bai zo ba, sai a ce kasuwa ce, ba mai kama shi. Mai sayar da manhaja kuwa, ran da aka biya shi ran nan aikinsa ya soma.

A ce ka sayar wa wata makaranta a Birnin Kudu manhajar fitar da sakamako. Ƙarshen zango ya zo, iyaye sun cika harabar, sabis ya ɗauke, ko wuta ta tafi, ko sunayen aji guda sun ɓace. Kamfanin yana Legas. Shugaban makarantar bai san kowa a Legas ba, kai ya sani, ya san gidanku, watakila ya san mahaifinka. Ƙofarka zai buga da asuba. A babban birni mai yaudara yakan sake unguwa ya sami sababbin mutane. A nan wurinmu, inda ran kasuwa ɗaya ya isa labari ya kai Gwaram, wanda ya sayar da abin da bai yi aiki ba sau ɗaya ya rufe wa kansa ƙofa goma.

Har wa yau, bakin talla bakin zuga ne. An saba da cewa kaya ba irinsa, kuma kowa ya san haka ake yi, ba mai jin haushi. Wannan ɗabi'a guba ce a cinikin manhaja. In ka ce wa mai kemis manhajarka tana aiki ba sabis alhali ba ta yi, ƙarya ka yi masa wadda za ta tonu cikin mako guda, a gaban masu sayen magani. Gara ka ce, "Alhaji, wannan ba ta iya abin da kake so," ka tashi ba ciniki. Mutumin nan zai neme ka wata rana.

Ban ce mai neman talla ya taho hannu banza ba. Ya iya sallama, ya iya zaman jira a zaure, ya san wanda ke yanke shawara a kowane gida na kasuwanci, ya kuma san yadda ake bin bashi ba a ɓata ba. Yaron da ya fito makaranta da takardar kwamfuta bai san ko ɗaya cikin waɗannan ba, kuma sun fi wuyar koyo. Abin da ya rage wa ɗan talla shi ne ya san kayansa da hannunsa. Wanda bai iya shigar da kaya ashirin cikin manhajar ya fitar da lissafin rana shi kaɗai ba, bai isa ya kai ta gaban kowa ba tukuna.

Kafin ka ajiye aikinka, ka zauna da kamfanin ka yi tambaya, a kuma rubuta amsar. La'adar nan sau ɗaya ce, ko kowace shekara in mai saye ya sabunta? Manhaja da yawa haya ake yi, ba saye ba, kuma ribar dillali tana cikin sabuntawar nan. In ta lalace wa zai gyara, cikin kwana nawa, wa zai biya kuɗin mota zuwa ƙauye? Kamfanin yana da rajista da hukumar CAC? Sa'an nan sunayen yara da lambobin iyaye da za a zuba ciki, ina suke tafiya? Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, kuma amana ce ko da babu doka.

Ba a zubar da ruwan tulu don ganin hadari. Cinikin manhaja yana da jinkiri, gama mai makaranta sai ya shawarci malamai, ya jira kuɗin zango ya shigo, wani lokaci wata uku ko fiye kafin ya ce to. Mai iyali da ya bar albashi yau yana sa ran la'ada gobe zai ci bashin hatsi. Shawarata ita ce, ka sanar da shugabanka na yanzu, kada ka yi a ɓoye da lokacin aikinsa, ka fara da mutum biyu ko uku a ranakun hutunka, ka bi su har zango ɗaya ya cika. In sun sabunta da kansu ba ka roƙe su ba, sai ka rubuta takardar ajiye aiki.