Faransanci Yana Cikin Manhaja, Ba Ya Cikin Aji

'Yan uwa malamai, mu da muka zaɓi Faransanci a kwalejin ilimi shekaru ashirin da suka wuce ba mu cika benci biyu ba, kuma mun sha ba'a. Abokai kan tambaye mu ko Faris za mu koma noma. Mun sha wuya wajen furta haruffan da ake fitarwa ta hanci, mun kuma daɗe muna mamakin harshen da tebur mace ce a cikinsa, kafin mu tuna cewa mu ma kujera mace ce a wajenmu.

Abin da ya sa muka riƙe shi da gaske littafi ne. Malaminmu ya ba mu Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Tarihin ƙasar Hausa ne, amma sai da muka bi ta harshen waɗanda suka kawo yaƙin kafin mu karanta shi. Daga nan muka karanta L'Enfant noir na Camara Laye, muka ga maƙerar mahaifinsa a Gini tamkar ta bakin kasuwar Ɗambatta. Muna yaba wa Faransawa yadda suke girmama littafi da marubuci, ba tare da mun manta ɓarnar da sojojinsu suka yi ba.

Tun 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana Faransanci harshe na biyu na hukuma, manhaja kuma ta tanade shi daga aji huɗu na firamare. To, a makarantu nawa ake koyar da shi tsakanin Bichi da Kunci da Makoɗa? Yawancinmu masu takardarsa lissafi muke koyarwa, saboda ƙarancin malamai, harshen kuwa yana tsatsa a bakinmu.

Wasu za su ce Nijar da kanta ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa a 2025, me za mu yi da Faransanci? Mun fi kowa murna da hakan. Sai dai har yanzu harshen aiki ne a can, haka ma a Binin da Cadi da Kamaru. Yaron da zai bi hanyar Kazaure da Daura ya kai kaya Damagaram, da Hausa zai yi ciniki, amma takardar kwastan da za a miƙo masa ba da Hausa aka rubuta ta ba.

Roƙonmu ga reshe kaɗan ne. A ƙidaya mambobin da suka karanta Faransanci, a nemi hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ta ware musu darasi biyu a mako, a kuma nema wa ko da mutum uku gurbin sabunta ilimi a Ƙauyen Faransanci na Badagry. Muna fatan a sa batun cikin ajandar taro mai zuwa.