A Bar Wa Mai Na'ura Makullinta

Sanin kowa ne cewa kwamfutar tafin hannu ba ta cika mutuwa saboda lalacewar jikinta ba. Ajalinta yakan zo ne ranar da kamfanin da ya ƙera ta ya daina sabunta manhajar da ke tafiyar da ita, mai ita kuwa ya rasa yadda zai yi sai dai ya sake sayen wata.

Alhali kuwa da magani. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, kowa yana da izinin duba cikinta, ya gyara, ya rarraba. Da kamfanin Compaq ya fito da iPAQ a 2000 ɗauke da manhajar Microsoft, masu sha'awa sun cire ta sun ɗora Linux. A 2017 kuma aka kafa postmarketOS da nufin waya ta yi shekara 10 tana aiki. Gaskiya ne aikin yana da wuya, sau da yawa kyamara takan ƙi tashi, amma laifin na masu ƙera sassan ne da ke ɓoye bayaninsu.

Abin takaici, Android kanta a kan Linux aka gina ta, amma ga Huawei tun 2018 ya daina ba masu saye lambar buɗe wayoyinsu. Wannan cin moriyar ganga ne. Ya kamata hukumomi su wajabta wa duk kamfanin da ya daina kula da wata na'ura ya saki makullinta, domin masu gyara, irin na kasuwar Farm Centre a Kano, su iya tayar da ita.