Maxi Priest: Ana Zaluntarsa Da Cewa Ya Ɓata Kiɗan Reggae

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin masu sha'awar kiɗan reggae, cewa wai Maxi Priest ya surka kiɗan da ruwa don ya shiga kunnen Turawa ya kwashi kuɗinsu. Masu wannan ra'ayi sukan ce reggae na gaskiya shi ne wanda ke kukan talaka yana caccakar azzalumai, irin na marigayi Bob Marley da Peter Tosh, amma shi wannan ɗan Landan ba abin da ya iya sai waƙar soyayya. Maganar tana da daɗin ji a majalisa. Sai dai duk wanda ya bi tarihin mutumin daga tushe zai ga ba a yi masa adalci ba.

Ainihin sunansa Max Alfred Elliott, an kuma haife shi a 1961 a Lewisham, kudu maso gabashin birnin Landan. Iyayensa mutanen Jamaika ne, suna cikin dubban baƙar fatar da suka ƙaura zuwa Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ƙasar ke neman ma'aikata ido rufe. Unguwar da ya tashi ba wurin hutu ba ne ga yaro baƙi. A cikin watan Agusta 1977 'yan ƙungiyar National Front masu ƙin jinin baƙi suka yi maci a Lewisham, aka gwabza da su a kan titi. A Janairu 1981 kuma gobara ta tashi a wani gida a New Cross, nan kusa, ana tsakiyar bikin zagayowar ranar haihuwa, matasa baƙar fata 13 suka halaka. To, wanda ya yi samartakarsa a tsakanin waɗannan abubuwa biyu ba ya bukatar wani ya koya masa ma'anar wariya.

Kafin ya yi suna kafinta ne. Akwatunan lasifika yake ƙerawa wa masu kiɗan dare, wato ƙungiyoyin nan da ke jibga manyan lasifikoki a zaure su sa faifai, wani ya karɓi makirufo yana waƙa a kai. Ta nan ya shiga ƙungiyar Saxon, wadda ta yi tashe a kudancin Landan, ya fara waƙa a gaban jama'ar da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. A 1984 yana cikin waɗanda suka shirya faifan Papa Levi mai suna "Mi God Mi King", wanda ya hau matsayi na ɗaya a Jamaika kanta. Mai karatu ya duba wannan da kyau: reggae da aka yi a Landan ya je ya ci kasuwa a Kingston, kamar mutum ya ɗauki goro ya kai Gwanja kuma a yi rububinsa. Wanda bai san kan kiɗan ba ba zai iya haka ba.

Sa'an nan ita waƙar soyayyar da ake yi masa gori da ita, ai ba shi ya ƙago ta ba, kuma ba Turawa suka ba shi ba. Salon da ake kira lovers rock a Landan aka haife shi wajen tsakiyar shekarun 1970, a hannun 'ya'yan baƙin da suka zo daga Jamaika. Yara ne da ba su taɓa ganin Kingston ba, Ingila kuma ba ta ɗauke su nata ba, suka nemi kiɗan da za su yi rawa da shi a gidajensu bayan wahalar mako guda. 'Yan mata ne ma suka fi riƙe shi, har Janet Kay ta kai matsayi na biyu a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Ingila da waƙarta "Silly Games" a 1979. Wannan gado ne Maxi Priest ya ɗauka, ya fito da You're Safe a 1985 da Intentions a 1986. Da ya tashi yin faifansa na gaba, Maxi, sai ya nufi Jamaika wajen Sly da Robbie, gwanayen ganga da jita da ba wanda ke musun asalinsu. Daga wannan aiki ne "Wild World", tsohuwar waƙar Cat Stevens, ta kai ta biyar a Ingila a 1988.

Gaskiya ɗaya dai dole a ba masu sukarsa. "Close to You", wadda ke cikin faifan Bonafide, wadda kuma ta hau matsayi na ɗaya a jerin mujallar Billboard ta Amurka a Oktoba 1990, kiɗanta ya fi kusa da na baƙar fatar Amurka fiye da na Jamaika. In da za a cire muryarsa, da ƙyar wani zai ce reggae ne. Wasu daga cikin waƙoƙin da suka biyo baya ma an goge su har sun yi santsi da yawa, ba gishiri ba yaji, ana ji an san kamfani ne ke neman a maimaita cinikin bara. Wannan aibi ne, kuma ba a ɓoye shi.

Amma fa a tambaya: da ya samu ƙofar Amurka ta buɗe, wa ya shigo da shi? A 1991 ya haɗa murya da Shabba Ranks a waƙar "Housecall", wadda ta taimaka wajen kai kiɗan dancehall na Kingston gidajen rediyon Amurka. A 1996 ya yi "That Girl" tare da Shaggy. Mutumin da ya gudu daga danginsa ba ya komowa ya kama hannunsu. Kuma ƙofar nan ba ƙaramar ƙofa ba ce, domin Bob Marley da duk girmansa, a rayuwarsa bai wuce matsayi na 51 a wannan jeri ba, shi ma a 1976.

Abin mamaki shi ne masu ɗaga Marley don su ƙasƙantar da Maxi Priest sun manta cewa shi ma Marley an yi masa irin wannan gori. Da faifansa Kaya ya fito a 1978, cike da waƙoƙin ƙauna irin su "Is This Love", sai da aka ce ya yi laushi, ya bar gwagwarmaya. Dennis Brown da Gregory Isaacs kuwa, waɗanda ba mai shakkar su 'yan gida ne, rabin sunansu da waƙar mata suka yi shi. Ashe ba waƙar soyayya ce laifin ba. Laifin Maxi Priest a wurin waɗannan mutane shi ne an haife shi a Landan, kuma faya-fayansa sun sayu a inda na wasu suka kasa.

Bai kuma ajiye makirufo ba bayan kasuwar ta lafa. A 2008 ya yi rangadi da ƙungiyar UB40 bayan da Ali Campbell ya bar ta. A 2019 ya fito da It All Comes Back to Love, wanda Shaggy ya sa hannu wajen shirya shi, aka kuma sa faifan cikin masu takarar lambar Grammy. A rukunin reggae aka sa shi, ba na pop ba, kuma ƙungiyar Toots and the Maytals ta Jamaika ce ta ɗauki lambar a 2021.