Wasiƙa a Buɗe ga Masu Ƙera Manhajar Gajarta Adireshin Intanet a Gusau, Tsafe da Bungudu



Gajeren adireshi wakilin dogo ne. Idan aka latsa shi, burauza kan tuntuɓi saba, saba ta amsa da lambar 301 ko 302, ta tura mutum shafin ainihi. TinyURL ya fito a 2002, Bitly ya biyo baya a 2008, zamanin da Twitter bai yarda saƙo ya wuce haruffa 140 ba. Lissafin ba shi da wuya: ƙananan haruffa 26 da manya 26 da alƙaluma 10 sun zama 62, kuma gurbi shida kan samar da adireshi fiye da biliyan 56. Inda gizo ke saƙar shi ne amana, domin gajeren adireshi yana ɓoye inda zai kai mai latsawa.

Farkon abin dubawa shi ne na'urar da ke hannun jama'a. Galibi da waya ake shiga intanet a Zamfara, kuma Chrome na Android ba ya karɓar manhajojin da ake maƙala wa burauza, sai dai irin su Firefox ke karɓa. Saboda haka, idan manhajar irin wadda ake maƙala wa burauza ce, ya kamata a haɗa ta da shafi mara nauyi wanda ke aiki da maɓallin turawa na waya, ya miƙa saƙo ga WhatsApp da Facebook da Telegram ba tare da cin data ba. A kuma gwada shi da ɓ da ɗ da ƙ a tsarin UTF-8, don kada rubutun Hausa ya isa a gurɓace.

Na biyu shi ne katsewar sabis. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka dawo da na Gusau a farkon Oktoba, sauran yankuna suka ci gaba da jira. An kuma dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Don haka manhaja kada ta jingina da dandali guda, kuma ta ajiye saƙo har sabis ya dawo. A cire haruffa masu kama da juna, irin su 0 da O, don a iya rubuta adireshin a takarda ko a karanta shi a rediyo.

Na uku ya fi kowanne nauyi. 'Yan damfara suna fakewa da gajeren adireshi su tallata aiki ko tallafi na ƙarya, su karɓe lambar BVN da NIN. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau, da mai neman gurbin karatun lafiya a Tsafe, da ɗan kasuwar hatsi a Bungudu, kowannensu yana da haƙƙin ganin sunan shafin da za shi kafin ya shiga. A tace kowane adireshi da Google Safe Browsing, a sa maɓallin kai ƙorafi da Hausa, a toshe wanda aka tabbatar na cuta ne ba tare da jinkiri ba.

Na huɗu shi ne sirrin mutane. A Chrome izinin activeTab ya wadatar, ba sai manhaja ta leƙa duk shafin da aka buɗe ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hana tattara abin da ya wuce buƙata. A yankin da ake fama da garkuwa da mutane, ajiye bayanin wurin da mai latsawa yake ganganci ne. Ƙidayar latsawa kaɗai ta isa.

Na ƙarshe shi ne ɗorewa. Google ya daina yi wa sababbin masu amfani adireshin goo.gl a 2018, alhali kamfani ne mai ƙarfi. Ranar da saba ta mutu, adireshin da aka buga a takardar gayyata da allon shago ya mutu tare da ita. Mai ƙira ya mallaki sunan shafinsa, ko da na .ng ne da NiRA ke kula da shi, ya riƙa sabunta rajista kan lokaci, ya kuma ba kowa damar sauke jerin dogayen adireshinsa duk lokacin da ya so.

Wassalam.