A bar wa Narambaɗa Sakkwatancinsa

Fiye da shekaru sittin ke nan da rasuwar Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso na fadar Sarkin Gobir na Isa Ahmadu, amma muryarsa ba ta bar kunnen Hausawa ba. Ana jin ta a motocin ma'aikata idan cunkoson hanyar Nyanya ko ta Kubwa ya tsayar da su, ana sa ta a walimar wanda aka ƙara wa girma ko aka naɗa shi sarauta. Daga waƙoƙinsa da na Musa Ɗanƙwairo da Salihu Jankiɗi ne kuma mataimakan manya kan tsamo abin da za su ƙawata jawabin maigida ko saƙon taya murna. Sai dai da yawa daga cikin masu wannan ƙauna, in an tsayar da waƙar aka tambaye su ma'anar kalmar da ta wuce yanzu, sai su yi murmushi su ce salon mawaƙi ne.

Rashin sanin ba abin kunya ba ne. Mutanen nan sun yi waƙa da Hausar ƙasar Sakkwato da Zamfara da Gobir, ta zamanin da doki ke ma'aunin daraja, mai sauraron yau kuwa ya tashi da Hausar makaranta da ta rediyo, wadda aka gina bisa karin Kano. Ɓarnar tana farawa ne a lokacin da aka zo rubuta waƙar. Mai rubutu ya ji kalmar da bai sani ba, sai ya musanya ta da wadda ya sani mai kama da ita, ya ɗauka gyara ya yi. Rubutun ya shiga Facebook da WhatsApp, wani ya kwafa ya sa a kundin digirinsa, wani ya karanta a gaban taro. Kafin a jima, kuskuren ya zama shi ne waƙar a wurin jama'a, mai faɗin daidai kuma a ce ya yi kure. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne a rubuta abin da mawaƙi ya furta yadda ya furta shi, fassara da sharhi su zauna a gefe, kowanne da sunansa.

Wanda yake ganin wannan tsanani ne ya dubi abin da ke salwanta idan aka mayar da Sakkwatanci Daidaitacciyar Hausa. Basakkwace yana cewa «sarki na» a inda Bakano zai ce «sarki ne». Mai rubutun da bai san haka ba zai haɗe kalmomin biyu ya rubuta «sarkina», sai maganar da mawaƙi ya yi don tabbatar wa duniya sarautar ubangidansa ta koma maganar mallaka tsakanin bara da maigida. Haka «ɗiya», wadda a can ke nufin 'ya, jam'inta kuma ya ɗauki 'ya'ya gaba ɗaya. Da zarar an buga ta a wayar da ba ta da haruffa masu ƙugiya, ta zama «diya», mai karatu kuwa ya tafi ga diyyar rai ko ta dukiya. Su kansu manazarta, da suka zo ba sassan waƙar baka suna, daga bakin makaɗan suka karɓo «ɗan waƙa» da «ɗiyan waƙa», ba su ce sai an daidaita su ba.

Akwai ma wurin da karin harshen ya fi daidaitaccen rubutu bayyana ma'ana. A rubutun boko, «ya zo» tana ɗaukar zance iri biyu: wanda aka ja wasalinsa, mai ba da labarin cewa zuwan ya auku, da wanda aka gajarta, mai zuwa a jerin labari ko bayan «wanda» da «da». Rubutu ba ya raba su, sai mai karatu ya lalubo daga muhallin magana. Basakkwace kuwa ya raba su a bakinsa, na biyun ya ce «yaz zo», «yat tahi», «yab bi». Wanda ya goge wannan ɗaurin ya goge bayanin da mawaƙi ya riga ya bayar kyauta. Haka nan «munka» da «sunka» da «anka» suna da gaɓar farko mai nauyi, saɓanin «muka» da «suka» da «aka». Kiɗan kotso da na taushi a kan nauyin gaɓoɓi suke tafiya tare da murya, saboda haka duk wanda ya sauƙaƙa gaɓar ya karya karin waƙar ko da ma'ana ta tsira. Ko sunan shahararriyar waƙar Narambaɗa ta doki bai kuɓuta ba: wasu na rubuta Ɗanhilinge yadda ake ji a faifai, wasu Ɗan Filinge yadda ake rubuta sunan garin da ke Jamhuriyar Nijar. Na farkon ya adana lafazin mai waƙa, na biyun ya nuna inda sunan ya dosa, kuma mai nazari yana bukatar duka biyun a gabansa.

Bayan karin harshe akwai kalmomin da zamani ya binne tare da abubuwan da suke suna. Mawaƙin fada idan ya zo kan doki ba ya tsayawa ga cewa doki. Yana da akawal da kili da hurde gwargwadon launi, yana da ingarma da ƙuru gwargwadon girma. Mahayin yana cikin lifidi ko sulke, zagi na gabansa, Shamaki na kula da bargar. Wanda bai san ƙuru ƙaramin doki ne ba, ba zai gane cewa an yi wa wani ɗan sarki zambo ba a lokacin da aka ɗora shi a kansa, alhali an ɗora ubangidan mawaƙi a kan ingarma. Lissafin kyauta ma haka yake. Kafin naira ta zo a watan Janairun 1973, da fam da sule da sisi da taro ake ciniki, kafin su kuma da wuri, inda zangu ke nufin ɗari, zambar dubu, keso kuwa wuri dubu ashirin. A Hausar yau keso tsohuwar tabarma ce kawai. Mai fassarar da ya tsaya a nan zai mayar da kyautar girma ta zama wulaƙanci.

A nan ne abin ya shafi mai rubuta wa maigida jawabi kai tsaye. Waƙar fada ba yabo ba ce zalla. A cikin ɗa guda makaɗi kan yabi sarki, ya juya ya yi habaici ga ɗan'uwan da suka nemi sarautar tare, ya yi zambo ga bafaden da ya hana shi kyauta, duk ba tare da ya kama suna ba. Mutanen fadar sun san da wa ake. Wanda ya tsinko layi daga tsakiya domin daɗin sautinsa, ya sa shi a saƙon taya wani basarake murna, yana iya aika wa jikan wanda aka yi wa zambon da zambon kakansa. A gidajen sarauta ba a manta irin wannan, ko da an yi shiru a gaban baƙo.

Sai kuma batun faifan kansa, wanda mutane ke ɗauka shi ne hujjar ƙarshe. Hujja ce, amma ta rana guda. Mawaƙin baka ba ya maimaita waƙa kalma da kalma. Yana ƙara ɗa idan wani mai kyauta ya shigo fili, yana zubar da wani idan wanda aka yi dominsa ya faɗi daga mulki. Bakandamiyar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, an ɗauke ta a lokuta daban-daban, kuma ɗaukar ba su zo daidai da juna ba a tsawo da jerin ɗiya. Faifan garmaho na da minti uku ko ɗan fiye yake ɗauka a kowane gefe, dole mai waƙa ya taƙaita abin da a fada zai kai rabin sa'a. Bayan rasuwar Ɗanƙwairo a 1991 'ya'yansa sun ci gaba da rera waƙoƙin gidan, abin da ya sa mai sauraro a yau kan riƙe ɗaukar magada yana zaton ta uban ce. Ga kuma abin da kwafi ya yi wa sauti: daga zaren rediyo zuwa kaset, daga kaset zuwa kaset a shagunan kasuwa, daga nan zuwa katin waya, kowane mataki yana cinye wani abu, har «hw» da «h» su narke cikin amon ganga. Saboda haka mutum biyu kan yi gardama mai zafi a kan kalma ɗaya, kowa da gaskiyarsa, domin ba faifai ɗaya suka saurara ba.

Masu ganin a daidaita suna da hujjar da ba za a raina ba. Sun ce an sha wahala kafin a samu rubutu ɗaya da Bahaushen Kano da na Damagaram da na Kumasi za su karanta, tun daga aikin Hukumar Talifi ta Zariya da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma cika shafi da «yaz» da «hwa» zai kori yaran da ake son jawowa. Sun ƙara da cewa waƙa ta jama'a ce, kowane zamani yana da ikon ya ji ta yadda ta yi masa daɗi. Amsar ita ce ba a hana kowa daidaitaccen rubutu ba, a ba shi matsayinsa na fassara, a ajiye shi kusa da asali. Wanda ya riƙe asali yana iya fitar da daidaitacce a kowane lokaci, wanda kuwa daidaitaccen kaɗai ya gada ba shi da hanyar komawa. Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin wannan ƙa'ida, domin a ofis ba a goge abin da ke cikin fayil a rubuta abin da ake zaton marubucin ya nufa. Ana ƙara bayani ne a ƙasa, a sa hannu, a sa kwanan wata.

Kayan aikin ma ba daga sama za a faro su ba. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara kalmomi wajen dubu 39, kuma yana nuna wadda ta Sakkwato ce da wadda ta Katsina ce, sai dai bayaninsa da Turanci yake. Akwai na Abraham na 1949, akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 mai bayani da Hausa. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe shekaru yana tattara matanin waƙoƙin baka da tarihin makaɗa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa. Amma ƙamus yana ba da ma'anar kalma ne a harshe, ba ya faɗin abin da ta nufa a fadar Isa ko ta Maradun a ranar da aka rera ta. Wannan ilimin yana bakin tsofaffin 'yan amshi da magadan makaɗa da fadawan da suka ji daga iyayensu, kuma kowace shekara ana rage su.

Zaren kaset ɗin shi ma yana da ajali. Zafi da laima suna cin sa, injinan da ke karanta shi kuma suna ta ɓacewa, har Hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗi a kan haka a 2019. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan kare al'adun da ba a taɓa su da hannu, kuma a Disambar 2024 aka sa hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya. Abin murna ne, amma hawa da kirarinsa da kiɗansa yake tafiya. In dawakin suna nan aka rasa masu sanin sunayensu, rabin gadon aka riƙe.

Aikin da ake bukata bai fi ƙarfin hukumomin da ke akwai ba. Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, wanda ya faro a 1962, ta bakinsa ne Hausawa da yawa suka ji waɗannan muryoyi, kuma shi da gidajen rediyon jihohi ne wurin farko da za a nemi ɗaukar asali. A ƙidaya abin da ke ma'ajiyarsu, a mayar da shi na kwamfuta daga zaren farko, kowace ɗauka da shekararta da wurinta da sunan wanda ya rera. Sassan Hausa na jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya su fitar da matani mai hawa uku: lafazin mawaƙi, da daidaitacciyar Hausa, da sharhin kalma tare da garin wanda ya ba da bayanin. Inda kunne ya kasa, a bar gurbi a nuna an bari. Inda masana suka saɓa, a kawo ƙaulin kowa. Tun da Gobir da Katsina sun ratsa iyaka, a haɗa hannu da cibiyar adana al'adun baka ta Tarayyar Afirka da ke Yamai. Hukumar raya al'adu ta ƙasa da ma'aikatar da ke kula da ita su sa wa aikin layi a kasafin kuɗi, a kuma biya tsofaffin da za a zauna da su, domin iliminsu ake saye.

Masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta takardun da minista zai sa wa hannu, su ne ke tsara abin da zai shiga kasafi da abin da za a jinkirta. Kafin babban aikin ya tabbata, akwai ƙaramin da ke hannun kowa. Wanda zai ɗauko ɗan waƙa ya sa a jawabi ya koma ga faifan ya saurara da kansa, ya tambayi ɗan ƙasar da aka yi waƙar, ya san wanda aka yaba da wanda aka yi wa habaici. In kalma ta shige masa duhu, ya rubuta ta yadda ya ji ta, ya bar wa wanda ya sani damar ya gane ta.