Idan 'Yarki Ta Ce Lauya Take Son Zama



Kwanakin baya wata tsohuwar ɗalibata ta zo min tana kuka. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta ci JAMB da maki mai yawa, amma jami'a ta ƙi ɗaukarta karatun lauya. Da na karɓi takardarta na duba, sai na ga babu darasin adabin Turanci, wanda 'yan makaranta ke kira Litireca. Makarantarsu ba ta da malamin darasin, kuma babu wanda ya taɓa gaya mata cewa ba a shiga sashen shari'a sai da shi. Mahaifiyarta kuwa da ɗan abin da take samu a turara shinkafa a Kura ta biya kuɗin jarrabawar. Shekara guda ta salwanta ke nan.

Don haka uwargida, neman gurbin karatun lauya ba ranar yankar fom yake farawa ba, daga aji huɗu na sakandare yake farawa, lokacin da ake raba yara tsakanin kimiyya da fasaha. Ki sa mahaifinta ko yayanta ya je makarantar ya tambaya: ana koyar da adabin Turanci? Za a yi mata rajistarsa a WAEC da NECO? In babu, a nemo mai koya mata a gida ko a sauya makaranta tun da wuri. Kiredit biyar ake nema, har da Turanci da adabin, kuma kada ta yi wasa da lissafi don ta ji an ce ita 'yar fasaha ce. A JAMB ma sai ta zaɓi adabin cikin darussa huɗun da za ta zauna.

Sai maganar suna. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Mu nan yarinya Hauwa ce a firamare, Jidda a Islamiyya, Kulu a katin asibiti. Ki tabbatar suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kowace takarda, don gyaran yana cin kuɗi da watanni. A farkon shekara ake sayar da fom, daidai lokacin da tumatirin rani ke fita Kwanar Gafan, to ki sa maigida ya ware kuɗin kafin su narke a hidimar biki.

Mu da muka ba 'ya'yanmu karatun Islamiyya muna da riba a nan. A Jami'ar Bayero ana haɗa dokar ƙasa da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya, a ABU Zariya kuma akwai fannin shari'ar Musulunci na musamman. Yarinyar da ta karanta babin gado a Risala ba za ta zama baƙuwa a ajin ba. Amma masu nema sun yi wa guraben yawa ƙwarai. In ba ta samu ba, kada ta karaya; wasu difloma suke fara yi a Kwalejin Aminu Kano da muke kira Legal, sannan su nemi shiga jami'a kai tsaye. Jami'ar kuɗi kuwa, kafin ku biya ko sisi ku bincika ko Hukumar Ilimin Lauyoyi ta amince da sashenta, in ba haka ba digirin ba zai kai ta ga zama lauya ba.

Shekara biyar ne a jami'a, sai kusan shekara ɗaya a Makarantar Lauyoyi, wadda ɗaya daga rassanta ke nan Bagauda, kusa da mu a hanyar Tiga. Shida ke nan, ban da yajin aiki. In akwai manemi, a faɗa masa wannan lissafin a gaban waliyyai tun kafin a karɓi sadaki, kada a bar shi a zancen zaure.

Wasu iyaye hijabi ne damuwarsu. A Disambar 2017 an hana Firdaus Amasa shiga zauren rantsar da lauyoyi a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta. A 2018 aka rantsar da ita da hijabin a kanta. Masu cewa aikin na maza ne kuwa, ki tuna musu Mai Shari'a Aloma Mukhtar, wadda ta zama Babbar Jojin Najeriya a 2012.

Ɗalibata dai ta samu mai koya mata adabin da yamma, bayan ta taya mahaifiyarta kwashe shanyar shinkafa. Za ta sake zama bana. Ku sa ta a addu'a.